Yaɓen Mestre Deoclécio

Likitan da ya duba hoton ƙirjin Deoclécio bai ɓata lokaci wajen lallashi ba. Ya ɗaga hoton ga hasken taga, ya ce huhun nan ya fi kama da hajar da mai shi yake sayarwa. In ya ƙara shekara guda a bakin tanderun gawayi, to matarsa ta fara neman baƙin yadi na takaba. Dona Zulmira, matar tasa, ita ta ba ni labarin, kuma ta maimaita zancen baƙin yadin a hankali, kamar tana tuna abin da ke cikin akwatinta.

A garinmu aikin da babu hayaƙi a cikinsa ba shi da yawa. Akwai fada a coci, akwai mai kantin magani, sai ni, malamin gona na ƙungiyar manoma, wanda jami'a ta koya wa sunayen ƙasa iri-iri don ya dawo ya tarar an shuke ta kaf da itacen turare. Sauran jama'a ko suna sara, ko suna yanka katako, ko suna ƙonawa. Saboda haka hukuncin likita ya bar wa Deoclécio ƙofa ɗaya tak, ita ce sabuwar masana'antar da aka gina bayan gidajen yankan katako.

A wurin nan da can tsibin garin katako ne, mai tsayi kamar coci, yana cin kansa da wuta a ciki rani da damina. Sai wani kamfani daga birni ya gano cewa shara ce mai daraja. Ana busar da garin katakon da ɓawo da guntaye, a niƙe, a zuba cikin wata tukunyar ƙarfe rufaffiya, a gasa ba tare da iska ta shiga ba. Da yake itacen ba ya samun iskar da zai kama da wuta, sai ya yi ta fitar da hayaƙi. Hayaƙin ya bi bututai masu sanyi, ya koma baƙin ruwa mai kauri, mai warin kifi banda, tankoki su kwashe su kai wa masu gasa bulo su hura wutarsu da shi. Abin da ya rage a tukunya garin gawayi ne, wanda aikina ne in shawo kan manoman kofi su zuba a gindin shukarsu. Ashe abin da iyayenmu suka yi ta hura wa sama kyauta, suna ajiye rabi a ƙirjinsu, mai ne.

Dona Zulmira ta sa rigarta ta zuwa coci, shuɗiya, ta je ta sami injiniyar wurin, Dakta Iolanda, ta roƙa wa mijinta aiki. Injiniyar ta ji daɗin maganar fiye da yadda ya kamata. Tsohon gwanin gawayi a sabuwar masana'anta, jiya da gobe sun yi musafaha, irin abin da masu kamfani suke so su gani a allon talla. Ta ce a gwada shi zuwa faɗuwar damina. In ya yi, a tabbatar da shi. Aikinsa shara da lura da bel ɗin da ke ɗaukar garin katako zuwa tukunya. Inuwa, ruwan sanyi, babu hayaƙi.

Abin da ba ta sani ba, domin ba a rubuta shi a takardar kowa ba, shi ne kusan duk ma'aikatanta sun bi ta hannun Deoclécio. Mestre suke ce masa, wato shugaban tanderu, kuma ba don ƙauna ba. A zamaninsa yana kallon hayaƙi daga nesa ya san abin da ke faruwa cikin tanderu: fari, itace na zubar da ruwa, rawaya, aiki ya kankama, shuɗi, a toshe ƙofofi. Dokarsa ɗaya ce, kuma da mari yake koyar da ita. Hayaƙi yana da ƙofofin da aka ba shi. In ya fito ta wani wuri, tsaga ce, iska za ta shiga, gawayi ya zama toka. Duk wanda ya ga tsaga ya ɗebo laka ya yaɓe nan take, ba tambaya, ba jiran kowa. In an gama yaɓe ƙofar tanderu kuwa, mestre yakan danna tafin hannunsa a jiƙaƙƙiyar lakar, don in mai gona ya zo ya san aikin wa zai yaba ko zai zaga.

Shugaban ma'aikata a masana'antar, Genivaldo, ya koyi wannan doka da tafin hannunsa na dama. Yana sabon shiga, ya ga tsaga a tanderu mai zafi ya tsaya neman tsumma. Deoclécio ya kama wuyan hannunsa, ya tsoma a laka, ya manna a bangon ya riƙe. Har yau fatar tafin tana sheƙi kamar leda, kuma yatsu biyu ba sa miƙewa sosai. Deoclécio yana ba da wannan labari a mashaya a matsayin misalin yadda ake yin mutum.

Ranar da aka zaga da sababbin ma'aikata bayan masana'anta ana nuna musu abin taɓawa da abin bari, ba a je da Deoclécio ba. Yana bakin ƙofa ana ɗaukarsa hoto. An sa masa sabuwar hular kwano, an cika masa hannuwa da garin gawayi, an ce ya yi murmushi amma ya rufe baki. Ni aka sa na riƙe masa tsohuwar malafarsa.

Abinci a rumfar Valdete ake ci, wajen shinge, domin nan kaɗai aka yarda a kunna taba. Shinkafa da wake, garin rogo, wani lokaci kaza da kuɓewa. Ina yawan cin rana a can saboda ya fi gidana kusa, kuma ya fi gidana magana.

"Mestre, yau wane launi tsintsiya ta nuna?" in ji Genivaldo. "Fara ce ko shuɗiya? Mu toshe ko mu jira?"

"Ka ci abincinka, ɗan nan."

"A'a, Mestre, koyo muke. Tião, tashi ka ba Mestre kujera mai jingina, kada tari ya kayar mana da allon talla."

Tião, direban motar lodi, ya ja kujerar da ƙafa. "Seu Deoclécio, matata ta ga hotonka a bakin titi. Ta ce ashe in an wanke ka mutum ne."

"Ka gaya mata ubanta ma ni na koya masa wanka."

Valdete ta dangwara wa Deoclécio kwano. "Ku bar tsoho ya haɗiye lomarsa. In ya shaƙe a rumfata ku za ku ɗauka, ni bayana ciwo yake."

Haka ake yi kullum. Ba na jin ya dame shi. Mutumin da ya shekara arba'in yana zagin mutane ya san zagi gaisuwa ce. Abin da ya dame shi daban ne. Yana yini gaban wuta da ba ya gani, tukunya na gurnani, ba hayaƙin da zai karanta. Wasu yara masu gilashi suna zaune a ɗaki mai sanyi suna kallon lambobi a allo, su ne suka san abin da itace yake ciki. Shi kuwa yana share abin da ya zube daga bel. Ya taɓa ce mini, "Malam, wannan ba tanderu ba ne, akwatin gawa ne. Ko numfashi ba ya yi."

Amma yana yi. A bayan ginin, sama da tukunyar, akwai wani gajeren bututu mai murfi kamar na buta. In iskar ciki ta yi yawa, murfin ya ɗaga, ɗan hayaƙi ya fita, ya koma ya rufe. Shi ke hana tukunyar kumburi. Duk wanda aka zaga da shi ranar farko ya san haka. Deoclécio ya gano shi wata safiya da shara ta kai shi bayan ginin, ya tsaya da tsintsiya yana kallon rawayan hayaƙi yana tsartuwa daga inda babu bututun hayaƙi.

Ranar ina wata gonar kofi, ina yi wa wani mutum bayanin dalilin da zai sa ya binne gawayi maimakon ya gasa nama da shi. Abin da ya faru a rumfa daga bakin Valdete na ji, kuma Valdete ba ta rage magana, sai dai ta ƙara gishiri.

Ta ce Deoclécio bai taɓa abincinsa ba. Ya jira har kowa ya zauna, sannan ya ce, "Tukunyarku tana yoyo."

Tião ya buɗe baki zai yi dariya. Genivaldo ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Ina, Mestre?"

"A baya, sama. Kuna nan kamar garken shanu, ba wanda ya ɗaga kai?"

Genivaldo ya ajiye cokali, ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Ashe ka gani. Don Allah, Mestre, kada ka ɗaga maganar gaban Dakta. Abin kunya ne a wurinta. Tun da aka kafa injin yake haka. An kawo mutane daga birni, sun ɗaura, sun liƙa, sun sa gam, a banza."

"Gam," in ji Deoclécio, kamar an ce masa sun sa man shanu.

"Ai ka san 'yan boko. Mai ne yake tsiyayewa sama kullum, ita kuwa ba ta barci saboda shi. Ta ce duk wanda ya raba ta da wannan abu, ba ta san da me za ta saka masa ba." Ya ɗauki cokalinsa. "Amma fa ƙarfe ne, Mestre, ba bulo ba. Laka ba ta kama ƙarfe. Kuma tsanin yana da tsayi, ba na masu tari ba ne."

"Wa ya ce maka laka ba ta kama ƙarfe?"

"Haka dai na ji."

"Shi ya sa har yau hannu ɗaya gare ka da rabi."

Valdete ta ce a nan ne ta ga Genivaldo ya yi murmushi, ya juya tafin hannunsa ya kalla, ya ci gaba da cin wake. Na tambaye ta me ya hana ta yin magana. Ta ce ita abinci take sayarwa, kuma Genivaldo ne yake kawo mata mutum goma sha a rana, tsohon kuwa ko kofi ba ya ƙarawa.

Deoclécio bai yi gaggawa ba. Ya je bayan maƙabarta inda ya san wani tsohon suri, ya fasa, ya ɗebo jar ƙasar cikinsa, wadda gara ta riga ta tauna ta yi laushi. Ya haɗa da yumɓun bakin rafi da busasshen kashin doki. Dona Zulmira ce ta tankaɗe masa da rariyar garin rogonta. Ya gaya mata cewa wannan aiki shi zai sa a tabbatar da shi tun kafin damina, ita kuwa ta kunna kyandir a coci saboda haka. Ya kwaɓa, ya rufe da buhu ya bar ta ta kwana biyu ta yi danƙo, sannan ya ɗauro bokitin a bayan kekensa.

Da tsakar rana ya yi aikin, lokacin da injiniya ta tafi cin abinci cikin gari, yaran ɗakin sanyi kuma suka rage saura ɗaya, shi ma idonsa na kan waya. Ma'aikata suka bar kwanukansu suka zo kallo. Genivaldo da kansa ya riƙe tsani.

"A hankali, Mestre. Tião, miƙa wa Mestre bokiti. Ka ga yadda ake aiki, ba irin naku ba."

Ya hau yana tsayawa yana tari, yana tofarwa gefe. Da ya kai, ya jira murfin ya sauka, ya soka guntun bulo ya danne shi, sannan ya fara yaɓe. Waɗanda suka gani sun ce, duk da abin da suka zo kallo, sai da aikin ya burge su. Yana ɗora laka sirara-sirara, yana barin zafin ƙarfen ya kama ta kafin ya ƙara wata, yana shafewa da bayan hannu a jiƙe. Bai yi tari ko sau ɗaya ba sa'ad da yake yi. Da ya gama, bututun ya koma kamar tulu da aka kife. Ya tsoma hannu a ruwa, ya buɗe yatsu, ya danna tafinsa a tsakiya.

Suka yi masa tafi. Tião har da fito.

Daga baya Genivaldo ya gaya wa Tião, Tião ya gaya wa kowa, cewa shi abin da ya zata, da iska ta taru za ta tunkuɗe lakar ta faɗo, ƙararrawa ta yi ƙara, a yi wa tsoho tsawa gaban jama'a, a sha dariya. Ya manta da wanda ya koya masa aiki. Lakar ba ta faɗo ba. Zafi ya gasa ta ta zama kasko. Hayaƙi ya nemi hanya ya rasa, ya koma baya ta inda garin katako ke shiga, ya turnuƙe rumbun. Jiniya ta ɗauka, injin ya kashe kansa kamar yadda aka tsara masa. Ba wanda ya ƙone, ba abin da ya fashe. Sai dai hayaƙin da ya cika bututai ya huce a inda yake, ya daskare ya zama kwalta tun daga tukunya har tanki. Wannan ba a wanke shi. Kwancewa ake yi gaɓa-gaɓa, a ƙanƙare da hannu.

Na iso na tarar da kowa a tsakar fili, Dakta Iolanda a saman tsani da guduma da kurfi. Ta daɗe tana bugu. Da abin ya ɓalle, sai ya ɓallo guda, ta sauko da shi a hannu. Jan kasko ne mai santsi, da shatin hannu a tsakiya, har layukan tafin sun fito.

Ba ta ɗaga murya ba. "Hannun wa ne wannan?"

Ba a buƙaci bincike ba. Deoclécio ya riga ya matso gaba, ya cire hular kwano ya riƙe a ƙirji, yana jiran abin da aka yi masa alkawari.

"Nawa ne, Dakta. Ba zai ƙara yi miki yoyo ba."

Ta dube shi, ta dubi kaskon. Ta yi masa bayanin abin da bututun yake yi, a taƙaice, da kalmomi masu sauƙi, irin bayanin da aka yi wa kowa ranar da shi yake murmushi da baki a rufe. Na ga lokacin da maganar ta shige shi. Bai kalli Genivaldo ba. Kunnuwansa ne kawai suka yi ja.

"Seu Deoclécio, wani ne ya sa ka?"

 Tião ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Genivaldo kuwa ya tsaya da hannuwa a aljihu, hankali kwance, domin ya san mutumin fiye da yadda matarsa ta san shi. Kalma ɗaya za ta raba laifin biyu, wataƙila ma ta bar wa tsohon tsintsiyarsa. Amma hakan na nufin sai Deoclécio ya faɗa gaban yaran da ya mara cewa ɗaya daga cikinsu ya ja shi da hanci kamar maraƙi.

"Ni ba a sa ni," in ji Deoclécio. "Tun da nake, ba a taɓa nuna mini tsaga ba. Ni nake nuna wa mutane."

Washegari Dona Zulmira ta sake sa shuɗiyar rigar. Injiniyar ta karɓe ta da mutunci, ta ba ta kofi, ta ce abin ya fi ƙarfinta, masu kamfani sun riga sun ji, sun ce a sallame shi. Ta ƙara da cewa ba za a nemi ya biya komai ba, kuma ta faɗi haka da fuskar wadda ta yi kyauta. Hoton dai ba a sauke shi ba. Yana nan a bakin titi, tsoho da gawayi cike da hannu, an rubuta a ƙasa cewa gwanintar jiya tana gina gobe.

Masana'anta ta yi makonni a tsaye. Ma'aikata suka yi ta ƙanƙarar kwalta da rana tsaka, fatar hannunsu na saɓulewa saboda man yana da ci, suna tsine wa Deoclécio da uwarsa da surin da ya fasa. Ba wanda ya tsine wa Genivaldo. Shi ne mai raba aiki.

Ranar da Deoclécio ya zo mayar da hula da takalma, ya biya ta rumfar Valdete, ina zaune. Kaskon yana tsakiyar tebur. Tião ne ya tsince shi a shara, ya ga ya dace da zuba tokar taba. Tsohon ya ɗauka, ya zubar da guntayen sigarin, ya hure, ya juya shi ga haske, ya ƙwanƙwasa da farce. Ya yi ƙara kamar ƙararrawa.

"Ko tsaga ɗaya babu," ya ce.

"Babu, Mestre," in ji Genivaldo. "Aiki ya yi kyau. Ajiye mana, muna amfani da shi."

Ya ajiye. Genivaldo ya zuƙi tabarsa, ya miƙa hannun nan mai sheƙi, ya murje wutar a tsakiyar tafin.

Deoclécio ya koma tanderu, a wata gona da ke kan hanyar rafi. Ba a matsayin mestre ba, domin mai gonar ya ce ba zai damƙa wuta ga mutumin da ya tsayar da masana'anta guda ba. Laka yake kwaɓawa yana ɗauka wa wani. In iska ta juyo, hayaƙin yana rufe shi har sai an ji tarinsa kafin a gan shi.

Ana gab da damina na bi ta gidansu da buhun garin gawayi a mota, na ce ko Dona Zulmira za ta gwada a lambunta, tun da an ce yana gyara ƙasa har shekara ɗari. Na same ta a bayan gida, ta ɗora garwa a wuta, tana juya wani abu da sanda. Ta ɗago shi yana ɗiga. Rigar cocin ce, ta rina ta baƙa.

"Gara in yi yanzu, Malam," ta ce. "In ruwa ya sauka, kaya ba sa bushewa."

Deoclécio yana zaune a bakin ƙofa, bargo a kafaɗa, yana numfashi da baki. Ya bi rigar da kallo har ta shanya ta a igiya.

"Zulmira," ya ce, ya tsaya ya yi tari. "Dubi hammatar nan. Shuɗin yana leƙowa. Mayar da ita."

Ta sauke ta ta mayar cikin garwa.